Sunan Uwa a Katin Rigakafi

Shagon mutumin a Yelwa yake, tsakanin mai sayar da katin waya da wata mai tuyar awara, kuma tun daga bakin ƙofa warin man janareto da na gumi suke tarbar mutum. Sana'arsa cike wa mutane takardun fita waje. Yawancin masu zuwa wurinsa ɗalibai ne, ni kaɗai ce matar aure a kan bencin ranar. Ya karɓi wayata ya jona ta da kwamfutarsa, sai ga hirarmu da maigidana ta shekara da shekaru ta bazu a kan allo, duk wanda ya ga dama ya karanta. Wasu kuwa sun ga damar.

"Malama, wannan ai ba hirar miji da mata ba ce," in ji shi, yana gangarawa ƙasa da ɗan yatsa. "An tashi lafiya, lafiya lau. Ya aiki, da godiya. Ya yarinyar, tana nan ƙalau. Kullum haka. Bature zai ce da maigadin gidanku kike magana."

Wani ɗalibi ya ƙunshe dariya a cikin tafin hannu. Na ce masa mu haka muke magana. Ya ce to masu ba da biza ba haka suke so ba, so suke su ga soyayya a rubuce, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na kalli farcensa da ya tara baƙin datti yana yawo a kan kalmomin mijina. Da don ta ni kaɗai ce da na karɓi wayata na kama hanya. Amma takardun mutum biyu na zo cikewa, nawa da na 'yata.

Maigidana ya tafi Ingila karatu ina da cikin wata biyar. Karatu ya ƙare, ya samu aiki a wani asibiti, shekaru suka yi ta turawa har ya zama ɗan ƙasa. Yakan zo duk bayan shekara biyu ya yi wata guda, ya ci tuwon masara har ya koma da tumbi. Ni ina gidansu a Fadaman Mada, ina koyarwa a wata firamare. 'Yarmu kuma, wadda a lokacin take shekara takwas, tana Ƙofar Dumi wurin Inna, mahaifiyata. Iyali ɗaya, tukunya uku. Da ya samu takardunsa sai ya ce zaman nan ya isa haka, mu nemi biza ni da yarinyar mu same shi.

Dalilin zamanta a wurin Inna ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Mu Fulani ne, ko da yake kakana ya sayar da saniyarmu ta ƙarshe tun kafin a haife ni, Fulatancin ma bai rage mana ba sai gaisuwa da zagi. Abin da muka riƙe da hannu biyu shi ne kunya. Mace ba ta kiran sunan mijinta. Ba ta kiran sunan 'yar farinta, ba ta ɗaukarta a gaban manya, ba ta yi mata wasa, in ta faɗi ta fasa baki sai dai wata ta ɗaga ta. Ranar da aka yaye ta Inna ta goya ta ta tafi da ita. Ba ta dawo da ita ba, ni ma ban tambaya ba, don tambayar ita ce rashin kunyar. Yarinyar ta tashi tana ce wa kakarta Inna kamar yadda nake cewa, ni kuma tana ce mini Adda, wato yaya. Ba wanda ya taɓa yi mata ƙarya, ba kuma wanda ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata gaskiya.

A makaranta ina share wa 'ya'yan mutane majina, in ɗaure musu igiyar takalmi, in rarrashi mai kuka har ya yi shiru. Tawa kuwa sai ranar Juma'a nake ganinta. In na saya mata atamfa ko takalmi, Inna nake miƙa wa in ce na yarinyar nan ne. Ina son ta son da ke hana ni cin abinci in na ji tana zazzaɓi, amma ban taɓa faɗa wa kowa ba, har shi uban nata.

Kafin ma a zo kan maganar hira an riga an gasa mini aya a hannu. An tura ni Abuja na yi jarrabawar Turanci, ni da nake koyar da shi, wata da ba ta kai ƙanwata ba tana tambayata abincin da na fi so tana gyaɗa kai kamar mai sauraron ɗan aji ɗaya. An ɗauki hoton ƙirjina a ga ko ina ɗauke da tarin fuka. Duk wannan na shanye. Na ce ƙasarsu ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ban iya shanyewa ba shi ne aikin da mai shagon ya ɗora mana. Ya ce na tsawon wata uku maigidana ya riƙa aiko mini da saƙon soyayya kullum, da Turanci, ni ma in riƙa mayarwa. Mutumin nan da bai taɓa ce mini komai ba da ya wuce "sannu da aiki, Malama", kuma ni na san abin da wannan sannun take nufi, sai ga shi yana turo mini zantuka masu tsawo da hoton zuciya ja a ƙarshe. Na gane kwafo su yake yi ranar da ya yaba shuɗin idona. Na mayar masa da abin da mai shago ya shifta mini, ni ma na sa tawa jar zuciyar. Da wata ukun suka cika aka buga su duka a takarda, mai shago yana karanta wasu da ƙarfi wai yana duba kuskure. Na ji kamar an shanya kayan cikina a bakin titi.

Sai ya ce, "Ina hotunanki da yarinyar?"

Hoto ɗaya gare mu, na wata sallah. Tana kan cinyar Inna a tsakiya, ni ina can ƙarshen layi rabin fuskata a bayan kafaɗar wata gwaggo. Ya ajiye shi gefe ya ce wannan ba ya nuna uwa da 'ya. Ya ce in zo da ita ranar Asabar da kaya kala uku, yana da labulen ɗaukar hoto a ɗakin baya, zai yi mana na shekara uku a zama ɗaya.

Na je Ƙofar Dumi na ce wa Inna a ba ni aron yarinyar nan. Aro na ce, haka kalmar ta fito daga bakina, Inna kuma ba ta ga wani abu a ciki ba. Ta shafa mata man kaɗanya ta sa mata hijabi ta ce kada mu kai la'asar.

Ɗakin bayan ba taga. Labule uku ne a rataye, ɗaya mai furanni, ɗaya mai matattakalar bene, ɗaya mai teku. Ya ce in zauna in ɗora ta a cinya. Na ɗora ta. Rabon da nauyinta ya hau cinyata tun tana shan nono. Ta sandare kamar taɓarya, hannayenta a manne da jikinta, tana kallon ƙofa. Da hijabinta ya zame na ga wani ɗan tabo a bayan kunnenta wanda ban san lokacin da ta ji ciwonsa ba.

"Rungume ta, Malama. Matso da fuskarki. Yi murmushi mana, kamar 'yarki ce."

Na yi murmushin. Muka canza kaya, aka ja labulen teku, ya ce in sumbace ta a kumatu. Sumbar farko da na yi wa 'yata tun bayan yaye, wani ƙato mai warin sigari ne ya ba da umarninta, yana ƙirga ɗaya, biyu, uku. Da ya sauke kyamarar ta sa gefen hijabinta ta goge kumatun, ba da raini ba, kamar yadda ake goge ruwan sama. Ta ce, "Adda, an gama?" Na ce an gama. Na saya mata awara a bakin shagon, ni kuwa ko ruwa ban iya sha ba har dare.

Abu na ƙarshe da ya nema shi ne duk wata takarda mai sunan yarinyar. Inna ta jawo kwallarta daga ƙarƙashin gado ta fito da katin rigakafi da takardun makaranta, a naɗe cikin leda. Na kai masa haɗe da takardar haihuwa da muka karɓa daga baya. Bai karanta ko ɗaya ba, ya haɗa ya danna musu ƙusa. Shi a wurinsa fayil mai kauri shi ne fayil. Ni ma ban karanta ba, kuma wannan laifina ne, ba nasa ba.

Bayan watanni amsa ta zo. Ni an ba ni, yarinyar an hana ta.

Maigidana ya kai takardar amsar wurin wata lauya a can, ita ta warware mana bayanin. Mai duba fayil ɗin bai gamsu cewa ni na haife ta ba. Hotunan da muka ce na shekara uku ne, lallen hannuna iri ɗaya ne a cikinsu duka, giɓin haƙorin yarinyar ma bai motsa ba. Wannan kunya ce da na saya da hannuna. Amma babban dalilin shi ne, takardar haihuwa sunana ne a wurin uwa, katin rigakafi kuwa sunan Inna ne.

Ina jin haka ranar ta dawo mini sarai. Ko arba'in ban yi ba. Mun je asibitin unguwa, Inna ce riƙe da jaririyar, a kan layi akwai maƙwabta da wata gwaggon maigidana. Malamin da ke rubuta kati ya ɗago kai ta taga ya ce, "Sunan uwa?" Ina tsaye a gabansa, nono ya jiƙa mini gaban riga. Na sunkuyar da kai ina kallon silifas ɗina. Inna ta jira kaɗan, da ta ga ba zan yi magana ba sai ta faɗi nata sunan, ya rubuta. A hanyar dawowa gwaggon nan ta yi ta yabona, wai 'yar gidan mutunci, ba irin yaran yanzu ba masu rungumar 'ya'yan fari a gaban surukai. Abin da ya fi ba ni ƙyama yanzu shi ne, a ranar na ji daɗin yabon.

Bizar da aka ba ni tana da wa'adi, 'yan watanni ne, in ban shiga ƙasar a cikinsu ba, za ta mutu. Maigidana ya kira ya ce, "Malama, ki taho kawai. In kin zo sai mu sake neman tata a tsanake." Ya faɗa ne cikin sauƙi, yadda ake cewa a bar akwati ɗaya a aiko da shi daga baya. Ban ga laifinsa sosai ba, duka zaman da ya yi da ita a duniya bai kai wata biyar ba.

Na je wurin Inna. Na same ta tana tsintar shinkafa a faranti, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ki tafi abinki, Allah ya tsare. Yarinya dama tawa ce. Ke yaushe kika san ta?" Ba da mugunta ta faɗa ba, ita a ganinta nauyi take sauke mini.

Maƙwabta kuwa suka yi ta sallama suna taya ni murna, kowace da saƙonta, wannan jaka, waccan maganin ciwon gwiwa. Ɗaya daga cikinsu, wadda muka yi shekaru muna zuwa biki tare, ta dafa ni ta ce, "Ai ke kin huta, tunda ba ki shaƙu da ita ba. Da ni ce da ban iya ba." Na bi ta da kallo har ta fita. Shekara takwas ina nuna ban damu ba, ashe na iya nunawar har ba wanda ya rage yana shakka. Haushin kowa nake ji a kwanakin nan, mai shago, da Baturen da ya ƙirga haƙoran 'yata, da gwaggo, da maigidana da shuɗin idonsa. Amma in na gama zagayen, kaina nake dawowa.

Lauyar ta ce hanya mafi tsabta ita ce gwajin ƙwayar halitta, a ɗebi yawuna da na yarinyar a auna, sannan a sake nema. Ta ce da wuya a gama kafin wa'adina ya cika. Da na gaya wa Inna sai ta ajiye farantin.

"A auna a ga ko ke kika haife ta? Ni na binne mabiyiyarta a bayan ɗakin nan. Su zo su tona."

Na ce ba za su zo ba, Inna. Ta yi tsaki ta ce to ƙafarta ƙafar yarinyar, ba za a kai ta wurin da za a taɓa ta ba ita ba ta nan.

Wani asibitin kuɗi ne a cikin gari aka aiko wa kayan gwajin. Nas ɗin da ta karɓe mu 'yar kudancin jihar nan ce, mace mai fara'a, ta ba Inna kujera tana ce mata Mama. Ta duba fasfo ɗinmu, ta ɗauke mu hoto, ta sa safar hannu, ta ɓare wani tsinke mai auduga a kai. Yarinyar na ganin safar hannun ta ɗauka allura ce. Ta damƙe bakinta ta ɓuya a bayan Inna. Inna ta lallaɓa, ta yi faɗa, yarinyar ba ta buɗe ba. Ni ina tsaye a gefe kamar yadda na saba.

Sai nas ɗin ta durƙusa a gabanta, ta nuna mata tsinken, ta ce da irin Hausarsu, "Ba allura ba ne, 'yan mata. Ba zafi. Za mu duba ne kawai ko wannan madam shi ne mamanka."

Ta nuna ni da tsinken.

 Baiwar Allah ba ta san ta faɗi wani abu ba, murmushinta take yi tana jira. Yarinyar ta kalli Inna. Inna ta kalli bango. Sannan yarinyar ta juyo ta kalle ni, kallo mai tsawo, irin wanda ba ta taɓa yi mini ba. Ta fito daga bayan Inna da kanta ta buɗe baki. Aka goga audugar a cikin kumatunta, aka goga wata a nawa, aka sa kowace a ambulan aka liƙe. Maganar da ya kamata ta ji daga bakina a cikin ɗaki, ta ji ta daga bakin baƙuwa, ana nuna ni da tsinke. Ban taɓa jin ƙyamar kaina irin ta wannan lokacin ba.

Muka tari keke mai ƙafa uku. Inna a dama, ni a hagu, yarinyar a tsakiya. Muka wuce kasuwar Wunti, mai keken yana ta kutsawa tsakanin 'yan acaɓa. Sai na ji ta taɓa gwiwata da ɗan yatsa ɗaya.

"Adda, in takardar ta ce ba ke ba ce, tafiya za ki yi ki bar ni?"

Inna tana jin mu, kafaɗarta ma tana gogar ta yarinyar. Duk tarbiyyar da aka yi mini ta ce in yi shiru, in bari kakarta ta amsa, kamar ranar katin rigakafi. Na buɗe baki na kira sunanta. Shi ne karo na farko da ya fito daga bakina da ƙarfi, ya fito a karkace kamar ba da harshena aka saba faɗarsa ba. Na ce, "Ni na haife ki. Ba inda za ni ba tare da ke ba."

Inna ta juyar da fuskarta wajen titi ta ja mayafi ta rufe bakinta. Har yau ban sani ba ko fushi ta yi ko kuka, ba ta kuma taɓa tayar da maganar ba. Yarinyar ta shiga wasa da bakin hijabinta. Na ɗauka ta gama. Sai da muka shiga lungun Ƙofar Dumi, keken yana tangal-tangal a kan kwata, ta ɗago kai.

"To me ya sa ba ki gaya musu ba tun farko?"

Mai keke ya tsaya, Inna ta sauka ta shige gida, yarinyar ta tsaya a bakin zaure tana jirana. Na tsaya ina biyan mai keke kuɗinsa.

Da yamma na kira maigidana na ce ba zan taho ba sai da ita. Ya yi faɗa, ya yi rarrashi, ya ce wahalar da muka sha za ta tashi a banza. Na ce ta tashi. Wa'adin bizar ya cika tana cikin durowa, muka koma farko, wannan karon ba mai shagon Yelwa, kuma kowace takarda sai na karanta ta da idona. Yarinyar tana kwana biyu a wurina kowane mako yanzu, har yau kuma Adda take ce mini. Sakamakon gwajin ya zo, ya ce ni ce. Ba ta tambayi abin da ya ce ba. Tambayar da ta yi mini a cikin keke ce har yau ban ba ta amsa ba.